Sheƙar ƙarfe ba ta raya tsuntsu a Kaduna

Hasumiyar da ake so iska ta riƙa kaɗa ta tana ba da amo, tsuntsayen daji kuma su yi sheƙa a jikinta, aiki biyu ne da ba sa shiri sai an raba musu wuri. Mu a ƙarfe ɗaya muka haɗa su. Akwatunan sheƙa 12 aka yanko daga fallen ƙarfe, aka yi musu walda a ginshiƙin da ke ɗauke da bututun amo, don mai aikin ya ce katako da duma kayan ƙauye ne, za su ɓata masa hoto ranar buɗewa. An nuna masa illar, ya ce ai shi ke biya.

A bazara rana tsakar ka take zama a Kaduna, kafin azahar akwatin ƙarfe ya zama tanda. Ga kuma jijjiga: duk bugun da bututu ya sha, walda ce ke kai shi har cikin sheƙa, hadari na tasowa da dare uwa ta tashi daga kwanci. Gwara sun shiga, sun yi ƙwai, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Da aka zo neman mai laifi, a kan masu walda aka sauke, alhali abin da aka zana musu suka yi.

Gyaran shi ne sheƙa ta zama ta duma, ko tukunyar ƙasa, ko katako mai kaurin santimita 2, a kan nata sandar, ko aƙalla a sa robar taya tsakaninta da ƙarfe. Ƙofa santimita 3.5 ta ishi gwara. Kada a kafa ɗan tsinken sauka a bakin ƙofar, hankaka kawai yake taimaka wa. A huda gindi wuri huɗu don ruwa ya tsiyaye, rufi ya zarce baki. Ƙofar ta dubi kudu ko arewa, domin hadarinmu daga gabas yake zuwa, ranar la'asar kuma daga yamma. Tsayi mita 3, da mazurarin kwano a kife a jikin sanda saboda gafiya da maciji.

Ɓangaren amo ya fi sauƙi, lissafi ne. Bututun alminiyam irin wanda ake samu a kasuwar Panteka ta Kaduna ana huda shi don ratayewa a kashi 22.4 cikin 100 na tsawonsa, wato santimita 22.4 daga baki idan mita ɗaya ne. Nan ne ba ya rawa, shi ya sa amon ke daɗewa. In aka huda wani wuri sai ka ji kamar an buga gwangwani. Dogon bututu mai muryar ƙasa ya fi, ni a ganina tsuntsu ya fi saurin sabawa da shi.

Zaren kamun kifi yana laƙe ƙafar tsuntsu, waya mara tsatsa za a sa wajen rataye bututu. Lokacin kwanci a ɗaure mabugin, wato abin da iska ke kaɗawa ya bugi bututu. Ƙurar hunturu tana dushe amo, a wanke bututu kafin ruwan farko. Duk abin da mai aiki ya tilasta a canza, ya sa hannu a takarda.

Akwatunan ƙarfen suna nan har yau, zanzaro ne ya gina a ciki.