Wasiƙa daga Ohio: ga masu tambayata maganar ƙwallon yaro

Assalamu alaikum jama'ar gida. Muna lafiya, iyali lafiya, aiki da godiya. Duk wanda ya aiko gaisuwa na amsa, a gaida mini mutanen majalisa.

Tun ranar da uwargida ta ɗora bidiyon yaronmu a zauren WhatsApp na dangi, wanda ya ci ƙwallo da ka a wani wasa, ban ƙara samun sakat ba. Wannan ya ce yaushe zai tafi Turai, wancan ya ce nawa ake biyansa a wata. Wani aminina ma hoton fasfon ɗansa ya turo mini kai tsaye, ya ce in nemo masa kulob. To bari in amsa wa kowa a lokaci ɗaya. Zan yi maganar gasannin da muka zaɓa a tsakaninsu, da kuɗi, da takardu, in hali ya yi kuma in taɓa batun azumi da abinci da kuma ƙanwarsa da ita ma ta fara cewa sai ta buga.

Na farko dai, ba a biyansa ko sisi. Ni nake biya.

A nan Amurka yaro ba ya ɗaukar ƙwallo ya fita layi a ajiye bulo biyu a ce ga raga, kamar yadda muka yi a Kano har la'asar sakaliya. Komai sai an yi rajista, an biya, an sa hannu. Kuma gasannin yara hawa-hawa ne. A can sama, ga yara maza, akwai guda biyu da iyaye ke ta kai-kawo a tsakaninsu, MLS NEXT da ECNL. Da can hukumar ƙwallon ƙasar ce ke da gasarta ta rainon 'yan wasa, wadda ta kafa a 2007, amma ta rufe ta a watan Afrilun 2020 lokacin korona. Sai babbar gasar ƙasar ta ƙwararru, wato MLS, ta cike gurbin da MLS NEXT a shekarar. Ita kuwa ECNL da 'yan mata ta fara a 2009, sai a 2017 ta buɗe ɓangaren maza.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne jin an ce MLS. A cikin MLS NEXT akwai makarantun horo na manyan ƙungiyoyin ƙwararru, irin ta Columbus Crew da ke garin nan namu na Columbus, kuma galibinsu kyauta ne. Daga irinsu Tyler Adams ya fito a New York Red Bulls, Weston McKennie a FC Dallas, Brenden Aaronson a Philadelphia Union, duk suka wuce Turai. Amma su ke zaɓar yaro, ba uba ke kai ɗansa ba. Namu ba su kira shi ba. Sauran kulob-kulob ɗin da ke cikin gasar, waɗanda su ne mafi yawa, na 'yan kasuwa ne ko na unguwa, kuma biya ake yi daidai da ECNL. Tambari ɗaya ne a hannun riga, aljihu ne ya bambanta.

Kafin in kai ga yadda muka zaɓa, sai kun ji abin da takarda ta yi mini.

Yaron a Kano aka haife shi, ya zo nan yana da shekara 11. Ashe dokar FIFA ta ce duk yaron da ya kai shekara 10, in zai yi rajista a ƙasar da ba tasa ba, sai an tantance shi, don a tabbatar ba safararsa aka yi ba. Dokar mai kyau ce, ban musa ba. Amma ranar da mai rajistar kulob ɗinsa na farko ta turo mini jerin abin da take so, sai da na cire tabarau na goge. Takardar haihuwa, fasfonsa, nawa, na uwarsa, shaidar wurin aikina, shaidar gidan da muke haya, takardar makaranta, da wasiƙa da hannuna ina bayanin cewa ba don ƙwallo muka ƙaura ba. Ni da na zo neman abin sakawa a bakin salati! Na haɗa duka na tura. Bayan mako biyu ta dawo da su, wai sunana a fasfo Muhammad ne, a takardar haihuwar yaro Mohammed, a takardar makarantarsa ta gida kuma Muh'd. Tana so ta san ko mutum uku ne. Na buga mata waya na yi bayani har bakina ya bushe, na ce baiwar Allah suna ɗaya ne, kowane magatakarda da yadda hannunsa ya faɗa. Ta saurare ni da ladabi, ta ce ta fahimta sarai, amma kwamfuta ba ta fahimta ba. Sai da na je aka yi mini takardar rantsuwa aka buga hatimi. Daga nan aka ce hoton takardar haihuwar bai fito ba, gefe ɗaya ya yi duhu. Na sake. Aka ce ai wasiƙata ba kwanan wata. Na sake. Duk tsawon lokacin nan yaro yana zuwa atisaye sau uku a mako, ranar wasa kuma ya sa jesi ya zauna a benci yana kallon abokansa. Wata rana a mota ya tambaye ni, “Baba, ko dai ba ni da sunan ne gaba ɗaya?” Dariya na yi, amma abin ya tsaya mini a rai.

Don haka duk mai yaro ƙarami a gida, ya buɗe jakar takardu yau ya duba. Suna ya zama iri ɗaya harafi da harafi, ranar haihuwa ta zama ɗaya a ko'ina. Batun rage shekaru kuwa, wanda wasu ke kira shekarun ƙwallo, a bar shi. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009, wadda har Kano da Kaduna suka karɓi wasanni, FIFA ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. A nan ma ba sai an kai ga na'ura ba, takardun makaranta kaɗai sun isa su tona asiri.

To, zaɓin. A farkon bazarar da ta wuce aka yi gwaji, kulob biyu suka ce suna son sa, ɗaya a MLS NEXT ɗaya a ECNL, kowanne ya ba mu kwana biyu mu amsa mu ajiye kuɗin kafin alƙalami. Ni zuciyata tana kan MLS NEXT, ba zan ɓoye ba, don sunan ya fi daɗin faɗa a waya in ana hira da gida. Amma akwai sharaɗi. A babban rukunin MLS NEXT yaro ba ya buga wa makarantar sakandarensa, kusan wata goma yana hannun kulob. Sun buɗe rukuni na biyu a 2025 da ya yarda da wasan makaranta, sai dai ba shi aka yi mana tayi ba. ECNL kuwa tana barin yaro ya buga wa makaranta. A Ohio wasan sakandare daga Agusta ne zuwa wajen Nuwamba, sai an gama kulob ya karɓe shi.

Na je na ga kocin farko, na MLS NEXT. Tambaya ɗaya na yi masa, minti nawa yarona zai riƙa bugawa? Ya yi ta ba ni labarin tsare-tsarensu da masu farautar 'yan wasa da ke zuwa kallo. Na ƙirga yaran da ke atisaye a bayansa, sun haura 20, kuma mutum uku ne a gurbin da nawa ke bugawa. Koci na biyu, na ECNL, bai yi mini daɗin baki ba. Ya ce yaron yana da gudu da ganin fili, amma ƙafarsa ta hagu ta hawa mota ce kawai, kuma in an ƙwace masa ƙwallo sai ya tsaya yana jin haushi maimakon ya koma. Na ji zafi, don ni kaɗai na ɗauka na san wannan. Ya ce zai fara da shi a gefen dama, in ya yi lalaci ya koma benci.

Uwargida ta ce ita a bar mata maganar Turai, a yi mata maganar jami'a. Kuma tana da hujja, don yawancin yaran nan ba ƙwararru za su zama ba, burin iyayensu wani kocin jami'a ya gani ya ba da tallafin karatu. Shi ma ba yadda ake zato ba ne. Shekaru da dama, ƙungiyar maza a babban rukunin jami'o'i tallafi 9.9 kacal aka yarda ta raba wa 'yan wasanta gaba ɗaya, na mata 14, sai a yi ta gutsuttsura shi. Dokokin sun fara sauyawa kwanan nan, amma har yanzu makin aji ya fi ƙafa saurin kawo kuɗin makaranta. Wani uba da muke tsayuwa tare a bakin fili ya ce da ya tara abin da ya kashe a ƙwallo tun yaronsa na da shekara 8, da ya biya masa jami'ar da kansa.

Daga ƙarshe muka tambayi mai abin. Ɗan fari ne, kun san ba a cika doguwar hira da su ba, sai na sa uwarsa ta tambaye shi ina daga falo ina ji. Ya ce shi yana so ya buga wa makarantarsa. Shekara uku yana fama ya yi abokai, yanzu da ya samu, yana so su zo su kalle shi a wasan dare a filin makaranta. Ban taɓa sa wannan a lissafi ba. Muka ɗauki ECNL.

Abin da ban hango ba shi ne, tunda sai Nuwamba kulob ke karɓarsa, kakar wasanmu ta faɗa tsakiyar sanyi. Jama'a, abin da muke kira sanyi a gida, na hunturu da ake hura wuta a ƙofar gida ana shan kunu, wasan yara ne. Makon jiya muna fili ƙarfe 8 na safe, ma'auninsu na nuna 20, wato kusan 7 ƙasa da sifili a namu. An ture dusar ƙanƙara gefe ta yi tudu, ciyawar roba ta ƙandare, ƙwallo in ta bugi cinya sai ka ji ƙarar daga inda kake. Iyaye na zaune a kujerun naɗewa, kowa ya naɗe da bargo sai idanu. Ni na sa wando biyu, safa biyu, hular sanyi a kan hular sanyi, duk da haka yatsun ƙafata suka daina amsa sallama. Shayin da na zuba a murfin fulas kafin in kai rabi ya huce. Da azahar ta yi, tsakanin wasa da wasa, na yi alwala da ragowar ruwan ɗumi a bayan mota, na shimfiɗa darduma a kan kwalta, goshina ya gaya mini gaskiya. Su kuwa yaran da gajeren wando suke gudu, tururi na tashi daga kansu.

Ga tafiya. Ɗaya daga wasanninmu na waje a Indiyanapolis yake, awa uku a mota, ya fi Kano zuwa Kaduna nisa. Akwai wani wuri a arewa da birnin, Grand Park, filayen ƙwallo sun kai 30 a jere, ranar farko sai da na yi rabin awa ina neman namu. In sanyi ya tsananta kuma sai a kira baje kolin 'yan wasa a jihohi masu ɗumi irin su Fulorida da Arizona, inda kociyoyin jami'a ke zama da allo a hannu. Nan kuma kuɗin jirgi ne, da hayar mota, da otal, kuma sau da yawa ba kai ke zaɓar otal ɗin ba, sai cikin waɗanda masu gasar suka ware. Kuɗin kulob na shekara daban, jesi kala biyu da jaka daban. Na daina tarawa a takarda don kada hawan jini ya kama ni.

Wani abu kuma, a 2016 aka fara raba rukuni da shekarar haihuwa, daga Janairu zuwa Disamba. Namu ɗan Oktoba ne, kullum yana cikin ƙanana, yana karo da waɗanda suka girme shi da wata tara. ECNL ta yanke cewa daga kakar 2026 a koma bin shekarar makaranta, a fara ƙirga daga 1 ga Agusta, sai ya koma cikin manya. Ya fi kowa murna.

Aminina mai fasfo, ga amsarka. Dokar FIFA ta hana kulob ɗaukar yaro daga wata ƙasa kafin ya cika 18, sai in iyayensa sun ƙaura don wani dalili da ba ƙwallo ba, ko wasu 'yan sharuɗɗa da ba su shafe mu ba. Christian Pulisic da ake ba da misali da shi, Dortmund ta Jamus ta ɗauke shi yana 16 ne saboda ya samu fasfon Kuroshiya, ƙasa a Turai, ta wajen kakansa. Duk dillalin da ya ce ka sayar da fili zai kai ɗanka ɗan shekara 14 wata makarantar ƙwallo a Amurka ko Turai, ka riƙe filinka. Ahmed Musa a Jos ya taso, ya buga wa Kano Pillars ya yi suna a gida, sannan VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi a 2010. Ɗanka kuma da nake gani a bidiyo yana murza leda ba takalmi, yana taɓa ƙwallo a yini ɗaya fiye da yadda nawa ke taɓawa a mako. Ka je ka tsaya a bakin filin da yake atisaye, ka ga ko kocin ya san sunansa da rauninsa.

Batun azumi, bara ya buga wasa biyu da azumi a bakinsa, kocin ya riƙa cire shi yana mayarwa, sai wani jiƙon zan ba da labarin. Ƙanwarsa kuma, ashe su ma 'yan mata nasu biyu ne, ECNL da Girls Academy, na ce ta bari in huta tukuna.

Gobe ƙarfe 5 na asuba za mu kama hanyar Indiyana, ban ma zuba mai ba. Mai zuwa a watan gobe, don Allah kada a sake sa masa kilishi a kaya, ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Yaji da kuka dai a ƙaro, sannan Hajiya ta sa a nemo mini man zafi irin na da, gwiwar nan tawa ba ta son tsayuwar bakin fili.

Wassalam, naku a Columbus.