Inda Na Kai da Koyon Zane Don Ɗinkin Ƙyallaye

'Yan'uwa mata masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Ga inda aka kwana a nawa ɓangaren.

Har yanzu ina kan atisayen bin gefen abu da ido. Ki ajiye ganye a gabanki, ki kafa fensir a takarda, idonki na bin bakin ganyen sannu a hankali, hannu na biye da shi. Ba ɗaga fensir, ba leƙen takarda. Kimon Nicolaïdes, wani malamin zane a birnin New York, shi ya yayata wannan hanya a littafinsa da ya fito a 1941, bayan rasuwarsa. Shawararsa ita ce mai zane ya sa a ransa cewa tsinin fensirin yana taɓa jikin abin da yake kallo ne. Abin da ke fitowa a karkace yake, wani sa'in ma layin ba ya komawa inda ya taso. Ba kyau ake nema ba a wannan matakin.

Ganyen mangwaro bai ba ni wuya ba. Na gwanda ne ya tsayar da ni, da lungunansa masu zurfi, kuma a nan na ga amfanin abin ga mai ɗinki. A takarda kowane lungu ado ne. A kan atamfa kuwa, in za ki ɗora ganyen bisa zanen gado, sai kin bar rubu'in inci a gefe don kalmasawa, kuma duk lungu mai shiga ciki sai kin ɗan tsaga shi da almakashi kafin ya yarda ya kwanta. In ya cika matsewa, zare ya warware. Saboda haka yanzu sau biyu nake zana abu: na farko ido a kan ganye, na biyu ido a kan takarda, ina buɗe lungu, ina rage tsini, har ya zama abin da allura za ta iya zagayawa. Na biyun nake yanka a kwali, in bi gefensa da alli a kan ƙyalle.

Masu cewa kwafo daga intanet ya fi sauƙi, gaskiyarsu, sai dai ba ya nuna miki abin da za ki zubar. Dubi masu zanen babbar riga a Zariya: da hannu suke shata aska takwas a kan yadi kafin mai ɗinki ya karɓa, kuma kowane layi da allura a zuci aka ja shi.

Canjin da na fi lura da shi yana wajen yanka. Almakashi ya daina tsayawa a tsakiyar lanƙwasa, sara ɗaya nake kai shi ƙarshe.

Na gaba buta ce, saboda mariƙinta. Ramin da ke tsakaninsa da jikin butar shi ma siffa ne, kuma dole a yanke shi daban. Wadda ke da ragowar atamfa mai duhu ta ajiye, ita ta fi nuna alli.