Kayan ɗakina da akwati takwas

Tunda bizarmu ta fito maganar da ake ta yi a gidan nan ɗaya ce, ya za'a yi da kaya. Maigidan ya samu karatun digiri na uku a Ingila, ni da yara biyu zamu bishi, kuma duk wanda yazo mana murna kafin ya tashi sai ya kalli falon nan yace toh ke yanzu duk wannan uban kayan fa?

Lissafin dai ba mai wahala bane. Tikitin da muka yanka daga Abuja ya bawa kowa akwati biyu, kowanne kilo 23, sai 'yar jakar hannu. Mu huɗu ne, kenan akwati takwas, kilo 184 gaba ɗaya. In ka faɗa a baki kamar da yawa, amma ɗauki tukunya ɗaya mai kauri da zannuwan gado biyu ka ɗora a sikeli ka gani.

Gwaggona ce ta fara kawo shawarar kwantena, tace ai mutane suna turo kaya daga Turai har motoci, me zai hana mu mu tura namu can. Na bi maganar sosai saboda har raina naso hakan. Sai dai ko ta tashar tsandauri ta Kakuri, wato tashar kwantena da ke nan Kaduna, aka bi, wadda aka buɗe a 2018, kayan dai dole sai sun gangara Legas sun hau jirgin ruwa, suyi makonni a kan teku, in sun isa kuma akwai fom ɗin da zaka cike wa kwastan na Ingila ka nuna kayan amfaninka ne ƙaura kayi dasu kafin a ɗauke maka haraji, ga kuɗin fito ga kuɗin motar da zata kai maka har ƙofar gida. Gidan ma bamu san wanne bane tukunna. Gadona ƙafa shida da shida ne, su kuwa gadon mutum biyu da aka fi amfani dashi a can faɗinsa ƙafa huɗu da rabi ne, ɗakunan ƙanana matakalar bene kuma a matse. Sannan gidajen haya da yawa da firji da abin girki da injin wanki ake bada su, wasu ma har da gado da kujeru. Toh in biya kuɗin da ya kusa sayen sabo dan in kai gadon da ba lallai ya shiga ɗaki ba? Nan na ajiye maganar kwantena.

Kayan wuta kuma ya danganta da inda mutum ya nufa. Ingila wutarsu 230 ce kuma soket ɗinsu mai baki uku irin namu ne sak, dan haka cajar waya, kwamfuta, dutsen guga duk zasu yi aiki ba sai an canza komai ba. Wanda zashi Amurka ko Kanada labarinsa daban, wutarsu 120 ce bakin soket ɗin ma wani iri, bilandarki ta nan in kin kai can sai da taransfoma, gara ki barta kawai. Janareto da inbata da fankoki kuwa ba'a ma maganarsu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda abin ya tsaya min a wuya shine kayan ɗaki. Wanda bai san yadda ake yiwa 'ya mace kayan ɗaki a ƙasar Hausa ba zai ce ai katako ne da soso, amma ni na san adashin da Mama ta shekara tana zubi kafin a biya kafinta kuɗin kujerun nan, na san ranar jere yadda 'yan uwa suka wuni a tsaye suna kafa labule suna goge kwanuka har dare. Shiyasa da nace zan rabu dasu Mama shiru tayi, can tace "ki bari a share ɗakin baya a zuba miki, ai zaki dawo ki tarar da abinki." Nace Mama kiyi haƙuri, shekara uku ko huɗu fa zamuyi in Allah ya kaimu, kuma kin san daminar Kaduna. Daga watan biyar har na goma ruwa ake, ɗakin da aka kulle ba iska danshi ne zai kama shi, katifa ta ɗau warin da baya fita, fatar kushin ta dinga ɓarewa da kanta, gara ta shiga wadirob ta ƙasa ba wanda ya sani sai ranar da aka zo ɗagawa ƙafar ta zauna a hannun mutum, ɓeraye kuma su haihu a cikin soso. Na ga kayan wata 'yar uwarmu da aka buɗe bayan ta dawo, wallahi ko kyauta ba wanda zai karɓa. Ni a ganina wannan shine wulaƙanta guminsu, ba bayarwa ba.

Abinda muka tsaya a kai, ƙanwata da za'a yi bikinta bayan sallah ita zata ɗau gado da wadirob da kujeru, a kai wa kafinta ya sake musu yadi ya fesa fenti, kinga an rage wa Baba nauyi babba a wannan tsadar. Firji da injin wanki su tafi wajen Mama. Janareto, talabijin, kafet da sauran tarkace na sayarwa ne, kuma dan Allah duk mai shirin tafiya ya fara saida kaya da wuri, dan da zarar dillaliya ta ji ance jibi zaki tashi farashin da zata taya miki sai kin ji kamar kiyi kuka. Ni a status na WhatsApp nake sakawa ɗaya bayan ɗaya, kuma 'yan unguwa sunfi saye da daraja.

Akwatunan kuwa abinda ba zan samu a can ba ko zan samu da tsada shi nake sakawa. Takardu farko kuma a jakar hannu: shaidar karatu, takardar aure, ta haihuwar yara, katin rigakafinsu. Gwal ɗina ma a jikina zai tafi. Sai sutura, atamfa da leshi da shaddojin maigida da hulunansa da hijabaina, duk a ɗinke, telana yanzu haka yana kan na yara har da na sallar baɗi da ɗan girma kaɗan, saboda ɗinkin kayanmu a can ba ƙaramin kuɗi bane. Kayan sanyi jaket ɗai-ɗai kawai na zaɓo mana a gwanjon Kasuwar Barci wanda zamu sauka dashi, ragowar a can zamu saya, suna da shagunan kayan hannu na ƙungiyoyin agaji da araha, ga Facebook Marketplace inda ake samun tukwane da kujeru wani lokaci ma kyauta in zaka je ka ɗauka.

Akwati guda cur na kicin ne. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kanwa, tsamiya, zoɓo, garin kunu. Daddawar nan sai da na naɗe ta a leda uku na saka a roba mai murfi na bi da salatif, in ba haka ba duk kayan sawa sai sun ɗauka. Muciya da maburgi da rariyar tankaɗe suma suna ciki, basu da nauyi kuma ba zan tuƙa tuwo da cokali ba. Kilishi da dambun nama da man shanu kam babu su, dokar Ingila ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, ƙwacewa zasu yi, na faɗa wa Gwaggo tun kafin ta sa a yi mana dambun. Humra da turaren ruwa cikin babban akwati zasu shiga tunda jakar hannu ba'a wuce mililita 100, turaren wuta kuma na sayi kasko na lantarki saboda gidajensu akwai na'urar da take ihu in ta ji hayaƙi, garwashi ba zai yiwu ba.

Cikin jeren kwanukan samira da Kaka ta bani guda biyu zan ɗauka, sauran na raba wa ƙannena kowa ya riƙe nasa. Yanzu abinda ya rage shine yadda akwati takwas da yara biyu zasu isa Abuja, maigidan yace jirgin ƙasa daga Rigasa, ni kuma ina ganin hawa da saukar kayan a tashar Idu ta Abuja zai bamu wahala, gara mu tura su a mota tun ana gobe mu mu bi jirgin da jakunkunan hannu.