Kukan tumakin da ya tona min asiri

Ƙannena ƴan zumuntar matasa, bari in ba ku labarin abin kunyata, wataƙila wani ya tsira da shi. Lokacin da nake ɗan shekara ashirin da wani abu a Tumfure nan Gombe, ni ne ko'ina a majami'a, ni ne a gaban mawaƙa, ni ne mai riƙe makirfo ranar Lahadi, in za a fita wa'azi ƙauye da ƴan Sabon Rai, ƙungiyar masu kai bishara, ni ne farkon hawa mota, kowa na cewa yaron nan akwai wuta. To wutar kam akwai, amma a gida in mamata ta ce in ɗebo ruwa sai na ce ina da rihasal, kuma addu'ar da nake yi ni kaɗai a ɗaki ba ta kai minti biyu, in ma na yi ke nan.

Sai aka ba ni ajiyar kuɗin zumunta. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, ɗan baiko ne da karo-karon da muke yi don taron ƙarshen shekara. Wata rana wayata ta lalace, na ce ai da wayar nan nake tura wa ƴan'uwa sanarwa da ayoyi, aikin Ubangiji ne, bari in ranta in gyara in mayar ƙarshen wata. Ƙarshen wata ya zo ban mayar ba, na ƙara ɗiba don kuɗin mota zuwa wani taro a Kaltungo, shi ma ai aikin Allah ne ko? Haka dai kaɗan kaɗan, ban taɓa kiran abin sata ba ko sau ɗaya, sunansa rance.

Abin da ya kama ni ba bincike ba ne. Fasto ne yana wa'azi daga 1 Sama'ila 15, inda aka ce wa Saul ya hallaka duk abin da ke na Amalekawa amma ya ware tumaki da shanu masu kyau, da annabi Sama'ila ya zo ya tambaye shi wannan kukan tumakin da nake ji fa na mene ne, sai Saul ya ce ai don hadaya aka kawo su. Kai, zufa ta karyo min a kan benci, don hujjata ce sak a bakin Saul. Amsar da aka ba shi a aya ta 22 kuwa kun san ta, biyayya ta fi hadaya. Ni na haddace ayar tun a makarantar Lahadi, har kyauta na ci da ita, ban taɓa zaton da ni take ba.

Akwai wata tsohuwa ƴar Zumuntar Mata, daga wajen Billiri take, duk Asabar da yamma ita ke share majami'a ta goge bencuna, ba wanda ya naɗa ta kuma ban taɓa jin an kira sunanta a sanarwa ba. Ni a lokacin kallon mara baiwa nake mata, Allah ya gafarta min. Ita na fara gaya wa, don na kasa tunkarar dattawa. Ba ta yi min dogon wa'azi ba, cewa kawai ta yi, ɗana, nawa ne? Na faɗa. Ta ce to je ka faɗa musu da bakinka kafin su tambaya, kuma kar ka rage ko naira ɗaya a lissafin.

Shawarata ba ta da yawa. In an ba ku ajiyar kuɗi, ko na ajinku ne ko na adashi, ku rubuta komai a littafi kuma wani na biyu ya dinga gani, kar ku yarda da kanku kaman yadda na yarda da kaina. In kun ji kuna haɗa wa wani abu hujja mai ƙamshin ibada, ku tsaya ku duba, galibi akwai tunkiya a ɗaure a bayan gida. Sannan ku gwada yin wani aiki da ba wanda zai ɗauka a hoto ya sa a Facebook, wanke-wanken mama, zuwa shago a kan lokaci ko oga ba ya nan, gaida mara lafiya. Luka 16:10, inda aka ce mai aminci a ƙaramin abu mai aminci ne a babba, a kan ƙaramin abu yake magana, ba a kan bagade ba.

Dattawa sun sauke ni daga ajiyar, suka kuma ce in huta da makirfo, abin ya yi min zafi sosai ba zan ɓoye ba. Wata bakwai na yi ina biyan kuɗin da ɗan abin da nake samu a shagon gyaran babur. A watannin nan duk Asabar ni ke ɗebo wa mamar nan ruwan goge benci, ita da tsintsiya ni da bokiti, wani lokaci har mu gama ba mu yi wata hira ba in ban da sannu da aiki.