Da kuɗi a katina, amma shafin jirgin ƙasa ya ƙi sayar mini da tikiti

Tikitin jirgin ƙasa na doguwar tafiya a Turai ba shi da tsayayyen farashi. Kujerun farko ake sayarwa da araha, in sun ƙare a hau mataki na gaba, haka zai yi ta hawa har ranar tafiya. A Jamus za ka ga Super Sparpreis, sai Sparpreis, sai Flexpreis mai tsada. A Italiya kamfanin Trenitalia na da Super Economy da Economy da Base. Duk na san wannan, shi ya sa biza na fitowa na zauna zan saya mana, ni da maiɗakina da yaronmu, tun tafiyar na da sauran makonni. Jirgin da muke so daga wata ƙasa yake tashi ya tsallaka iyaka zuwa wata, inda Yayana yake zaune. Na sami kujeru uku a wuri ɗaya, biyu kusa da juna, ɗaya a gabansu, ga tebur a tsakiya, farashin kuma har na kira maiɗakin ta zo ta gani.

A wajen biya aka tsaya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, ba kuma zan ambaci bankina ba, don daga baya na gane ba su kaɗai ke haka ba.

Na shigar da lambobin katin kiredit ɗina, na danna biya. Wata ƙaramar taga ta buɗe a tsakiyar shafin da tambarin katin yana ta juyawa, sannan ta ce an tura lambar sirri zuwa wayata. Ga agogo a gefe yana ƙirga daƙiƙoƙi yana komawa baya. Na ɗora wayar a kan cinyata ina kallonta. Shiru. Na kashe sabis na kunna, shiru. Agogon ya kai sifili, tagar ta rufe, aka fito mini da jan rubutu cewa biyan bai yi nasara ba, in tuntuɓi bankina. Ban gama karantawa ba wayar ta yi ƙara: ga lambar OTP ta iso, bayan an tashi daga kasuwar.

Da na sake gwadawa lambar ta zo da wuri. Na rubuta ta, na danna, shafin ya yi fari fat, na jira har na gaji, sai ga jan rubutun nan dai, kalma ɗaya ba ta canza ba. Amma a wannan karon alat ya shigo cewa an taɓa katina da kuɗin tikiti uku. Na duba imel, babu tikiti. Na duba akwatin tarkacen saƙonni, babu. Na shiga asusuna a shafin kamfanin, an rubuta ba ni da wata tafiya.

Duk wanda ya taɓa ganin kujera mai araha tana shirin kuɓuce masa ya san abin da hannu ke yi a nan, sake dannawa yake. Shafin ba ya ajiye maka kujera sai na 'yan mintoci, da zarar sun cika ta koma kasuwa. Na sake zaɓa, na sake biya, alat ya sake shigowa, tikiti bai zo ba. Daga nan kuma ko ƙaramar tagar ba ta ƙara buɗewa ba, ina dannawa sai jan rubutu.

Sai da na buɗe manhajar bankin na ga abin da ya faru. Kuɗin ba su fita ba, amma ba su nan. An rubuta su a riƙe. Biyan kuɗi da kati mataki biyu ne: da farko mai sayarwa ya tambayi banki ko akwai kuɗin, banki ya ce akwai, ya keɓe su gefe, sai daga baya mai sayarwa ya zo ya karɓa. Idan cinikin ya lalace a tsakani, kuma mai sayarwa bai aiko da saƙon sokewa ba, kuɗin nan suna nan a keɓe har wa'adinsu ya cika da kansa. Kowane gwaji da ya kai wannan matakin ya ci nasa rabon daga iyakar da banki ya yanka wa katina. Wato a daren nan, ba tare da na sayi ko da kujera ɗaya ba, katin ya cika, kuma da shi na yi niyyar kama otal.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jan rubutun. Na farko lamba ce ta makara. Na tsakiya banki ya amince, amma amsarsa ba ta koma wa shafin kamfanin daidai ba. Na ƙarshe kuwa katin ne ya cika, ga shi kuma na'urar banki mai farautar 'yan damfara ta ga ana ta buga kuɗi iri ɗaya zuwa ƙasar waje cikin dare, ta rufe ƙofa. Ciwo daban-daban, magani daban-daban, amma duk saƙo ɗaya suke nuna maka. Da an rubuta mini tun farko cewa an riƙe kuɗina, da na tsaya cak.

Washegari na kira bankin. Yarinyar da ta ɗauka tana da ladabi, ba ruwanta. Ta ce, "Yallaɓai, daga wajenmu mun amince da biyu daga ciki, su ne ba su zo sun karɓa ba." Na ce to ku sakar mini kuɗina. Ta ce, "Ka yi haƙuri Yallaɓai, sai dai su su aiko da sokewa, ko kuma a jira ya faɗi da kansa. Yakan ɗauki kwanaki, wani lokaci har kwana 30." Na rubuta wa kamfanin jirgin. Amsarsu ta zo da tsararren rubutu irin wanda ake tura wa kowa: ba su karɓi ko sisi daga gare ni ba, in tuntuɓi bankina. Kuma abin takaicin, dukansu gaskiya suka faɗa.

Ƙaramar tagar nan tana da suna, 3-D Secure. A katin Visa da ana kiranta Verified by Visa, yanzu Visa Secure. A Mastercard da SecureCode ce, yanzu Identity Check. Ba shafin kamfanin jirgi ba ne, na bankinka ne aka leƙo da shi ta cikin nasu, shi ya sa in ta maƙale kowa ke cewa ba tasa ba ce. Tarayyar Turai ta kafa dokar biyan kuɗi da ake kira PSD2 a 2015, sashenta da ya wajabta tantance mai kati ta hanyoyi biyu ya fara aiki ranar 14 ga Satumba 2019, aka ba masu ciniki ta intanet rangwame zuwa ƙarshen 2020. A ƙa'ida wajabcin ya shafi cinikin da bankin mai saye da na mai sayarwa duk suke cikin yankin ne. Amma kamfanoni da yawa ba sa bambancewa, kowane kati sai ya bi ta tagar, kuma suna da dalilinsu. Idan aka yi ciniki da katin sata ba a tantance ba, mai katin ya kai ƙara, daga aljihun mai sayarwa ake mayar da kuɗin. Idan kuwa an tantance, nauyin ya koma kan bankin da ya ba da katin. Tikitin jirgi kaya ne da ake miƙawa nan take ta imel, kafin a gano satar an riga an yi tafiyar. Na fahimci tsoronsu. Fahimtar ba ta dawo mini da kujeruna uku ba.

Lambobin farko na kowane kati, shida ko takwas, suna faɗa wa shafin bankin da ya bayar da shi da ƙasar da yake. Shafin yana kuma ganin daga inda kake shiga intanet. Wani abokin aikina ya ce in kunna VPN in nuna kamar ina cikin Turai, wai ƙasarmu suke ƙi. Ban bi shawarar ba, kuma ma'aikaciyar bankin ta tabbatar mini gara da ban bi ba: kati daga wata nahiya, mai shi yana bayyana a wata, wannan shi ne ainihin kamannin da na'urar ke nema a jikin ɓarawo.

Da na ga kwanaki na tafiya kuɗin ba su faɗo ba, na kira Yaya na ce ya taimaka ya saya da katinsa in biya shi. Wannan ba laifi ba ne, sunan matafiyi ake rubutawa a tikitin, mai duba tikiti kuma in zai nemi wani abu fasfo zai nema. Minti biyar bai cika ba ya turo mini tikitin. Sai dai matakin arahar ya ƙare, na tsakiya ma saura kaɗan, abin da ya biya ya kusa ninka wanda na fara gani. Kujerun teburin nan kuwa wasu sun ɗauke. Maiɗakina da yaron a wani tarago, ni a wani, awanni ina tsallake ƙafafun mutane da akwatunansu in je in duba su in dawo. Duk wucewar da zan yi ta gefen teburin sai na ga wasu samari uku sun baje kati suna wasa a kai.

Tikitin dawowa ni na saya da hannuna, da katin nan dai da aka yi ta ƙi, kuma bugu ɗaya ya shiga. Kafin nan kuɗin da aka riƙe sun faɗo ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani ya sanar da ni ba. Na sa bankin ya mayar da tantancewata daga saƙon tes zuwa cikin manhaja, inda ake turo maka tambaya ka amince da yatsa, ba jiran kamfanin waya. Na gaya musu zan yi sayayya a Turai, na faɗi kimanin kuɗin, suka rubuta. Sannan ban koma shafin da ya wahalar da ni ba. Jirgin da ke tsallaka iyaka galibi kamfanonin ƙasashen biyu duk suna sayar da shi, kamar yadda na Munich zuwa Vienna ke samuwa a shafin Deutsche Bahn da na ÖBB, na Paris zuwa Frankfurt kuma a na SNCF da na Deutsche Bahn. Na shiga na ɗaya ƙasar, jirgi ɗaya, kujeru iri ɗaya, hanyar karɓar kuɗi daban. Da na san haka a daren farko, bayan jan rubutu na biyu can zan nufa.

Akwai kuma dillalai irin su Trainline da Omio da Rail Europe, suna sayar da tikitin kamfanoni da yawa, sukan ɗora ɗan ladansu a kai. Da ina yi wa wannan ladan kallon asara. Yanzu in na kwatanta shi da abin da jinkiri ya ci mini, ko tsayawa lissafi ba na yi. Wasu shafukan suna karɓar PayPal ko Apple Pay ko Google Pay, kuma katin da aka ƙi kai tsaye yakan wuce ta can, tunda an riga an tantance shi a wajensu.

In jan rubutu ya fito maka, kada hannunka ya koma kan madannin. Buɗe manhajar banki tukuna ka ga ko an riƙe wani abu, ka duba imel da asusunka a shafin, don wani lokaci cinikin ya shiga, shafin ne kawai bai nuna ba, kuma tikiti mafi araha yawanci ba a mayar da kuɗinsa, ka ga sai ka tashi da kujeru shida. In an riƙe kuma babu tikiti, wannan shafin ya ishe ka haka a ranar, ka nemi wata ƙofa tun katin yana da sauran wuri. Gwaji biyu ne iyakata yanzu.

Ba kowane jirgi ya cancanci wannan tashin hankalin ba. Ƙananan jiragen yanki masu tsayawa tasha-tasha galibi farashinsu ɗaya ne ko yau ka saya ko wata guda baya, ba a kuma kama kujera, sai ka bari in ka isa ka saya a injin tasha, ka dai tabbatar ka haddace lambar sirrin katinka. Masu gudun nan ne, TGV na Faransa, Frecciarossa na Italiya, AVE na Sifaniya, Eurostar, ba ka hawa sai da kujerar da aka rubuta maka, in sun cika sun cika. ICE na Jamus a cikin ƙasar kana iya hawa ba kujera, sai dai ka sha tsayuwa. Kuma ko a shafi ko a inji, in aka tambaye ka za ka biya da Yuro ko a canza maka zuwa kuɗin katinka, zaɓi Yuro, canjin da suke yi maka a nan take ya fi na banki tsada.

Abu ɗaya da ya kusa sake kama ni bayan mun isa: na sayi layin waya na can na cire nawa na jefa a jaka. Ranar da zan sayi wani ɗan tikiti da katin maiɗakina, wanda har lokacin ta tes ake turo mata lamba, sai muka tuna ita ma ta cire nata layin. Muka zazzage jakar a kan gadon otal muna neman ɗan ƙaramin sim, ga agogon tagar yana ƙirgawa. Mun same shi a cikin murfin fasfo, amma ba a buɗe masa romin, wato damar yin aiki a ƙasar waje, ba tun daga gida, don haka lambar ba ta zo ba. Wannan karon ban sake dannawa ba, na ɗauko nawa katin na amince ta manhaja.