Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwaɓin da Ya Ƙi Tashi

A makon jiya na tsaya inda Malam ya ɗauko mu daga gidansu na cikin garin Kano ya kama mana haya a unguwar Ɗorayi. Gidan ɗaki biyu ne, sai wani ɗan fili a bayan kicin da mai gidan ya bari da niyyar ƙara gini, kuɗi suka ƙi samuwa. A nan na yi lambuna na farko.

Da ruwa ya zauna a watan Yuni na shuka kuɓewa da yakuwa da rama da alayyafo, na jefa ƙwayar kabewa a gindin katanga. Har da tumatir, duk da Inna ta gaya min shi ɗan rani ne, ba ya shiri da damina. In an ƙi ji ai ba a ƙi gani ba. Marka na shigowa a Agusta, aka yi kwana uku ana yayyafi ba a ga rana ba, ganyen ya yi baƙi, 'ya'yan suka tsattsage suka ruɓe tun suna sama. Kuɓewa ce ta fid da ni kunya. Duk bayan kwana biyu sai na tsinka, in na ƙara kwana ɗaya ta ƙosa, wuƙa ma da ƙyar take shigarta.

Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba sama ba ta da alƙawari. Da safe rana ta buɗe kamar bazara, ki yanka kuɓewa ki baza a tabarma, ki yi wanki ki cika igiya, kafin azahar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Ki kwashe komai a guje, sai iska ta watsar da shi ko ɗigo babu. Ranar da kika ce yau ma ƙarya yake, ranar zai sauka. Haka na yi asarar kuɓewa faranti biyu, duk ta yi fumfuna.

A wannan tsakanin ne maƙwabciyata ta haihu, ta ce ni take so na yi mata gurasa 100 da kek 60 na suna. Gurasar a wurin Hajiya, mahaifiyar Malam, na koya. 'Yar Jakara ce, su kuwa sana'ar gado ce a wurinsu. Sai dai da bazara ta koya min, lokacin da kwaɓi ke cika roba kafin ki gama shara. Malam ya sayo fulawa a kasuwar Singa, na kwaɓa da ruwan randa tun dare, na rufe, na kwanta da murnata.

Aka kwana ana ruwa. Da asuba na buɗe robar, kwaɓi yana nan yadda na bar shi. Na kira Hajiya muryata na rawa.

"Hajiya, ina kwana. Wallahi ya ƙi tashi, ga suna yau."

"Ke 'yar nan, da wane ruwa kika kwaɓa?"

Na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce yis ɗan gata ne, ba ya aiki cikin sanyi. Ta ce na jiƙa wani a ruwan ɗumi da ɗan sukari, in ya yi kumfa na haɗa, na lulluɓe robar da bargo na ajiye kusa da murhu.

Ya tashi, amma sai hantsi. Itace ya jiƙe, tanderu ya fi awa yana hayaƙi kafin ya yi zafin da gurasa za ta kama jikinsa. Yashin da nake zubawa a tukunya don gasa kek shi ma ya sha ruwa, sai da na soya shi a kasko ya bushe, sannan na jera gwangwanayen madara a kai, na ɗora garwashi a murfi. Goman farko sun ƙone ta ƙasa, yara suka ci rabonsu.

La'asar sakaliya na aika da kayan, idanuna jawur saboda hayaƙi. Washegari mai jego ta aiko da kuɗina cif, ta kuma ce yayar mijinta tana tambayar wadda ta yi gurasar, wai tana da biki bayan an cire amfanin gona. Malam dai bai ce komai ba da na gaya masa, ya ɗauki butarsa ya fita masallaci. Abin da ya biyo bayan wannan shirun sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.