Wuƙar da zan riƙa sakawa a aljihu

Asabar, bayan sallar isha'i

Kwana goma ke nan ina juya maganar wuƙa a raina, sai yau Allah Ya nufa na yanke shawara. Tun da na fara aiki a shagon Alhaji a nan Bronx, cikin birnin New York, 'yar rezar yanka kwali nake riƙewa, irin wadda ake sauya wa baki. Tana iya salatif da kwali mara kauri, amma ranar da motar kaya ta zo sai ta gaza. Kwalayen doya da ke zuwa daga Ghana a ɗaure suke tamau da igiyar roba, buhunan shinkafa da na gari sai an farke ɗinkinsu, ga kwalayen daskararren kifi da ƙanƙara ke sa su yi tauri kamar katako. Makon jiya bakin rezar ya karye a cikin kwalin kifi. Mun fi rabin awa muna neman guntun, don ba yadda za a yi mu bar ƙarfe cikin abincin da mutane za su kai gidajensu. Tun ranar na ce sai na sayi wuƙa ta gaske, mai naɗewa, babba, wadda kuɗinta ba zai taɓa abin da nake aikawa gida ba.

Biyu na ware: Resilience ta kamfanin Spyderco, da RAT 1 ta kamfanin Ontario. A waya na yi ta kallonsu har idona ya gaji, amma yau ne na riƙe kowacce a hannu. Yaron da muke aiki tare, ɗan zangon Kumasi, yana da Resilience da yake ajiyewa a durowar shago. Dattijon da ke tuƙo mana motar kaya kuma RAT 1 ce a aljihunsa, ta sha aiki har baƙin fentin ɗan ƙarfen da ake maƙala ta da shi a bakin aljihu ya goge. Da na gaya musu abin da ke damuna, yaron ya ce, "Yaya, ga tawa nan, yi aikin safe da ita." Dattijon ma ya miƙo tasa ya ce in dawo masa da ita kafin ya tashi mota.

Da Resilience na fara, kuma gaskiya ta shiga raina. Ruwanta inci 4.25 ne, mai faɗi kamar ganye, an fere shi tun daga gadon baya har zuwa kaifi, shi ya sa take ratsa kwali ba ta maƙalewa. Akwai rami zagayayye a jikin ruwan, nan ake sa babban yatsa a tura ta buɗe. Ko da safar hannu mai kauri da nake sawa a ɗakin sanyi, sau ɗaya na tura ta buɗe. Wannan ramin shi ne tambarin Spyderco, kamfanin da ke garin Golden a jihar Colorado, ko da yake ita wannan a China ake ƙera ta, abin da ya sa ba ta kai sauran wuƙaƙensu tsada ba. Mariƙinta na G-10 ne, wani abu mai tauri kamar roba, yana da kaushi, ko hannu ya jiƙe ba ya zamewa. Na buɗe kwalin doya goma sha biyu da ita, na yanka wata doya da ta fara lalacewa gida biyu a jan farko. Na tsaya ina kallon ta a hannuna, na ji a raina cewa ita zan saya.

RAT 1 ba ta da wannan kwarjinin. Ruwanta wajen inci 3.6, mariƙinta na roba mai ɗan santsi, buɗe ta kuma da wani ɗan ƙulli ne da ke gindin ruwan, wanda safar hannu ke sa a yi ta lalube. Amma da na cire safar na damƙe ta, sai na ji ta zauna a tafin hannuna daidai, bakin mariƙin ya tare yatsana daga zamewa gaba. A ɗinkin buhu ta fi ɗayar biyayya, domin tsininta na shiga ƙarƙashin zare ba tare da na huda buhun ba. Nauyinsu kusan ɗaya. Kullensu ma iri ɗaya: wani siririn harshen ƙarfe a cikin mariƙi da ke tokare gindin ruwan idan an buɗe, sai ka ture shi gefe kafin ta naɗe. Na girgiza ta dattijon in ji ko ruwan ya yi lako-lako bayan shekarun da ta yi, ko motsi bai yi ba.

Na tambaye shi, "Baba, sau nawa kake wasa ta?" Ya ce duk ranar da ya ji ta fara jan zare maimakon yanke shi, sai ya goga ta a gindin kofin shayi na tangaran, minti biyu ta dawo. Nan ne maganar ƙarfe ta fito mini sarai. AUS-8 na RAT ƙarfen Japan ne, 8Cr13MoV na Resilience kuma na China, amma haɗinsu kusan uwa ɗaya uba ɗaya: ba sa saurin tsatsa, ba sa daɗewa da kaifi, ba sa wahalar wasawa. Akwai RAT 1 mai ƙarfen D2 da ke riƙe kaifi fiye da haka, sai dai wasa shi aiki ne, kuma yana iya tabo idan ya daɗe cikin laima. Mutumin da ke yini cikin ruwan kifi da gishiri ba shi da abin yi da shi. Na cire shi daga lissafi nan take.

Wannan gogawa a gindin kofi ta tuna mini da mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Wuƙarsa maƙerin kasuwarmu ne ya ƙera ta, tana cikin kube na jar fata. Da ita yake yanka igiya, da ita yake gyara kofaton awaki, da ita yake fere mana rake. Idan damina ta kama sai ta yi tsatsa, ya zauna a zaure ya ɗiga ruwa a kan dutse yana wasa ta a hankali, ni ina riƙe masa buta. Ban taɓa jin ya faɗi sunan ƙarfenta ba. Ina tsaye tsakanin kwalaye da wuƙar wani a hannuna sai na ji hawaye na neman zubo mini, na shige ɗakin sanyi na ɗan tsaya.

Bayan azahar Alhaji ya ga ina auna su biyun a kan teburi. Tambaya ɗaya ya yi: "Ɗana, inci nawa ne ruwan babbar?" Na gaya masa. Ya ce to in sani, dokar birnin New York ta hana yawo a bainar jama'a da wuƙar da ruwanta ya kai inci 4, kuma ta hana a bar wuƙa a fili ana ganinta, ko da ɗan ƙarfen maƙalawar ne ya leƙo daga bakin aljihu ɗan sanda na iya tsayar da kai. Na ce ai dokar ta yi rangwame ga wanda sana'arsa ke buƙatar wuƙa. Ya ce haka ne, amma wa ke son tsayawa a bakin titi yana yi wa ɗan sanda bayanin sana'arsa da ƙarfe goma na dare? Ya ba ni labarin shekarun baya, lokacin da ake kama ma'aikata, magina da masu ɗaukar kaya, saboda idan ɗan sanda ya yarfa wuƙar mutum da ƙarfi ta buɗe, sai a lissafa ta cikin haramtattu. Sai a 2019 gwamna Andrew Cuomo ya sa hannu aka soke wannan doka, amma ta inci 4 tana nan daram. Shi ya sa ma ya ce wa yaron nan ya bar tasa a durowa, kada ya kuskura ya fita da ita.

Raina bai so ba, ba zan ɓoye ba. Na sake ɗaukar Resilience na buɗe na rufe ya fi sau biyar. Na ma yi tunanin ƙanwarta Tenacious, mai ruwa inci 3.39, ramin iri ɗaya, mariƙin iri ɗaya. Amma ban riƙe ta ba, ita kuwa RAT na yini da ita na ga aikinta, kuma ta fi araha. Abin da nake nema shi ne wuƙar da za ta bar gida tare da ni da asuba ta koma tare da ni da dare, domin wani lokacin Alhaji kan aike ni ɗakin ajiya ko gidan mai saye, kuma can ma akwai igiyar da za a yanka. Wadda za ta kwana a durowa ba ta biya mini wannan buƙata ba, duk kyanta.

Da na mayar wa dattijon tasa na yi masa godiya, ya ce, "Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ka dai riƙa goge ta bayan kifi." Ya nuna mini yadda ake kwance sukurun ƙarfen maƙalawar a cire shi gaba ɗaya, wuƙar ta kwanta can ƙasan aljihu.

Na dawo gida, bayan mun ci abinci na yi odar RAT 1 mai AUS-8, baƙin mariƙi, farin ruwa mara fenti. A Taiwan ake ƙera ta, kuma na karanta cewa masana'antar Ontario da ke Franklinville, a nan jihar New York, an rufe ta a 2023 bayan an sayar da kamfanin. Sun rubuta cewa za ta iso ranar Laraba. Maiɗakina ta tambaye ni nawa na kashe, na nuna mata, ta ce in dai zan riƙa wasa mata ta kicin ita ma to ba komai. Ta binciko mini ɗan dutsen wasawa da muka zo da shi daga gida, yana cikin akwatin da ke ƙarƙashin gado, a naɗe cikin tsohon kallabinta. Na wanke shi na jiƙa shi a kwano, gobe bayan asuba zan fara da wuƙarta.